Jawabin Wakilan 'Yan'uwanmu Mazauna Tamanrasat a Gaban Taron Ƙungiya

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga shugaban ƙungiya, da malamanmu, da dattawanmu na Tarka da Belbeji da sauran garuruwan Damargu, muna isar da gaisuwar 'yan'uwanku da ke zaune Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya. Sun ce a gaya muku suna lafiya, kuma sun aiko mu da roƙo guda, wanda za mu faɗa in mun gama bayanin halin da ake ciki, don kada ku yanke shawara cikin duhu.

Da fari dai, ya iyayenmu, hanyar nan da muke bi ba sabuwa ba ce. Tsofaffinku sun ba ku labarin ayarin Buzayen Ahaggar, masu ɗauko gishirin dutse na Amadghor bisa raƙuma su gangaro Damargu bayan kaka, su yi musanya da hatsi su koma. Geron gonakinmu ya daɗe yana ciyar da mutanen duwatsun nan tun kafin a san mota. Da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, Aljeriya kuma a 1962, aka kafa iyaka, sai ayarin ya yi ta raguwa. Sannan fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984, rumbu ya ƙare, sai al'amarin ya juye: waɗanda ake zuwa wurinsu neman hatsi su ne suka kama hanyar arewa biɗa.

Hanyar ku duka kun san sunayenta: Tanut, Adarbisanat, Agadas, Arlit, Asamaka, sannan In Gezam ta ɓangaren Aljeriya. Daga In Gezam zuwa Tamanrasat akwai wajen kilomita 400, kuma tun daga nan ƙasa take ta tashi sannu-sannu har a iso garin, wanda ke bisa tudu na kusan mita 1,400. Arewa da shi duwatsu ne baƙaƙe, babbansu Tahat ya haura mita 2,900, babu wanda ya fi shi tsawo a Aljeriya duka. Alje, babban birnin ƙasar, tana can nesa kusan kilomita 2,000. Wato Tarka ta fi kusa da Tamanrasat a kan babban birninsu.

Abin da ke fara kayar da baƙo shi ne sanyi. Mutumin Damargu yana ganin ya san hunturu, to, na can dabam ne. A watannin Disamba da Janairu da rana kana iya cire riga wurin aiki, amma da zarar rana ta faɗi sai sanyi ya sauko daga dutse kamar an zuba ruwa, wani dare har ruwan buta ya daskare. Yaro ya taho da riga biyu da takalmin roba, ya kwana bisa siminti a kangon da ba a rufe ba, kwana uku sai tari da ciwon ƙirji. Ga bushewar iska mai tsaga leɓe da diddige, wani har ya yi haɓo. Don haka abin da muke fara miƙa wa sabon zuwa bargo ne da man shafawa, kafin ma a tambaye shi ɗan gidan wa ne.

Sai kuma kwarin da ya ratsa garin. Shekara za ta yi kusan ƙarewa yana bushe, rairayi ne kawai, mai daɗin kwanciya. Amma in ruwa ya sauka can bisa duwatsu wajen Agusta ko Satumba, ko ɗigo bai faɗi cikin gari ba, sai ka ji ƙugi, ambaliya ta iso. Wanda ya girma bakin kwarin Tarka yana ganin hadari kafin ruwa ya zo. Can ba a ganin kome. Muna hana kowa kwana cikinsa, ko da zafi ya kai ina.

Batun abinci ba mu tsawaita ba. Babu fura, babu tuwon gero, sai burodi da makaroni da dabino da shayi, da gurasar Buzaye da ake gasawa cikin toka da rairayi. Ciki yana sabawa cikin wata guda, zuciya ce ba ta sabawa. Amma ga abin da zai ba ku dariya: gasasshen naman da garin ke alfahari da shi, wanda har Larabawan arewa ke nema in sun zo, sunansa "mainama". Kalmarmu ce, mahautanmu suka kai ta. Hausa tana tafiya a kasuwa da unguwanni irin su Gat-el-Wad da Tahaggart, sai dai wurin aiki da likita dole Larabcinsu ko Faransanci, Larabcin nan kuwa ko malami sai ya kasa kunne kafin ya kama shi. Addini dai babu bambanci, Malikiyya suke kamar mu, karatunsu Warshu irin na allonmu. Ranar hutu Juma'a da Asabar.

Akwai ɗabi'un da ya kamata a sani. Mutanen can ba sa son a tsaya ƙofar gidansu, ba sa son ɗaga murya da dare, ba a gaida matan gida yadda muke yi nan. Abin da yake zumunci a Tarka yana iya zama laifi can. Ruwa kuma da tsada yake a idonsu, ko da yake tun 2011 an jawo shi da bututu daga In Salah, tafiyar kilomita 750. Wanda ya zubar da ruwa a titi ya jawo mana magana mu duka.

To, yanzu ga mai nauyin. Yawancin 'ya'yanku aikin gini suke, ko lambu, ko dako, ko gadi, kuma yawancinsu ba su da takardar zama. Dokar Aljeriya ta 2008 ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya shiga ba bisa ƙa'ida ba, da wanda ya taimaka masa. Tun watan Disamba na 2014, bayan yarjejeniya tsakanin gwamnatocin biyu, ake kwaso 'yan Nijar cikin manyan motoci ana sauke su Asamaka. 'Yan sauran ƙasashe kuwa ana ajiye su bakin iyaka su tako wajen kilomita 15 a ƙasa. A shekarar 2024 kaɗai, masu bin diddigin lamarin sun ƙirga mutum sama da 30,000 da aka koro. Mutum yana bisa aiki a ɗauke shi, kuɗin wata biyu yana hannun mai gini, kayansa na ɗaki, wayarsa ta tafi. A nan Nijar an soke dokar 2015 mai hana jigilar 'yan ci-rani a watan Nuwamba na 2023, motoci sun koma fita a fili daga Agadas, amma wannan bai canza kome ba a ɗaya gefen iyaka. Kada wani direba ya ruɗe ku da cewa hanya ta buɗe.

Kuma ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe arewa da Arlit bayan motocinsu sun lalace, 52 daga cikinsu yara ne, galibinsu daga yankin Kance na jiharmu ta Damagaram. Allah ya jiƙansu. Muna faɗa da babbar murya, ko da wani zai ji haushi: duk wanda ya ba da ɗansa ƙarami a tafi da shi bara Aljeriya, ba ya cikin waɗanda za mu rufa wa asiri.

Duk wannan ɗawainiya wa ke yin ta? 'Yan sa-kai ne daga cikinmu, ba albashi, ba lada sai na Allah. Su ke tarbar baƙo, su raka maras lafiya likita su yi masa tafinta, su bi mai gini da lalama har ya biya haƙƙin wanda aka kora, su aiko da kuɗin gida. In an yi rasuwa su ke zirga-zirga tsakanin likita da ofishin ƙaramin jakadan Nijar da ke garin, su nemo likkafani, su yi wanka da salla, sannan su kira iyayen mamaci. Wannan kiran shi ya fi kome wuya. Amma duk wanda ya bar aiki yini guda don jana'iza ya rasa kuɗin yinin, wani ma ya rasa aikin. Kuma su kansu ba su da takarda, don haka duk ƙofar ofishin da suka tunkara suna tunkarar ta ne da rai a hannu. Ga shi yara ne. In rigima ta tashi tsakanin 'yan gari ɗaya kan bashi ko ajiya, wa zai saurari sa'ansa?

Roƙonmu ke nan. Muna so ƙungiya ta zaɓi dattijo guda, mai karatu, mai jin Larabci ko da kaɗan, mai ƙoshin lafiya, ya zo ya zauna da mu daga bayan kaka zuwa faɗuwar damina, aikin sa-kai. Ya shigo ta ƙofa, da fasfo da biza, yadda zai iya tsayawa gaban kowane ma'aikaci ya yi magana. Ɗaki da abinci da barguna suna wuyanmu. Kuɗin takardu da na mota zuwa da dawowa muke roƙo daga asusun ƙungiya. Ba ma son wanda zai zo da niyyar fatauci, domin fitar da madarar gari da garin alkama da mai daga ƙasar laifi ne babba, in aka kama shi da su sunanmu duka ya ɓaci. Ba ma son mai saurin fushi, domin zai ji kalmomin raini a titi saboda launin fatarsa, dole ya haɗiye. Zai yi kewar gida, zai yi tari a watan farko, zai ci makaroni har ya gaji. Mun faɗa tun yanzu.

Wanda ya ga zai iya, ko ya san wanda ya dace, ya ba magatakarda suna kafin a gama yankan gero, saboda neman biza yana ɗaukar lokaci, mu kuma motarmu za ta tashi da zarar an ɗaure damma. Iyayen da ke da ɗa can wanda suka daina jin labarinsa, su tsaya bayan addu'a su ba mu sunansa da na mahaifinsa da shekarar da ya tafi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.