Aikin Sa Kai a Jam'iyya: Daga Mazaɓa Ake Farawa

Jawabin da sakataren ƙungiya ya gabatar a taron magidanta, Potiskum

 

Muna godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Muna kuma godiya ga waɗanda suka rufe rumfunansu, da waɗanda suka baro kara da kasuwar hatsi da tasha don su saurari wannan ɗan bayani. Kwamiti ya ɗora mana nauyin magana a kan tambayar da ake yawan kawo mana ofis, wato: shin akwai amfani Bahaushe mazaunin Potiskum ya ba da lokacinsa kyauta a jam'iyyar da ta ginu a kan bin manya da girmama sarauta, irin wadda ake kira ta masu ra'ayin riƙau? Wasu na cewa wannan gidan 'yan ƙasa ne, baƙo ba shi da wurin zama a ciki. Amsarmu ita ce akwai amfani, amma da sharaɗi: mu shiga ta ƙofar rajista da littafin taro, ba ta ƙofar gangami da sanda ba.

Tun farko mu faɗa, ƙungiyarmu ba jam'iyya ba ce, kuma ba mu zo tallar kowa ba. A cikinmu akwai jikokin 'yan Sawaba, akwai jikokin 'yan Salama, duk tabarma ɗaya muke zama. Mun ɗauki wannan ɓangare ne saboda shi ne mutanenmu suka fi jin nauyin kusanta, alhali kuwa ya daɗe yana da ƙarfi a wannan yanki.

Bari mu ɗan waiwaya baya. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta fara ne a matsayin ƙungiyar al'adu a 1949, sannan ta koma jam'iyyar siyasa a 1951. Alamarta fartanya, gaisuwarta Salama, takenta kuwa Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba tare da duba addini ko matsayi ko ƙabila ba. Ƙarfinta bai tsaya ga Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa kaɗai ba. Ta jingina da hakimai da dagatai da masu unguwanni da attajirai da malamai, waɗanda suka san kowane gida da mai shi. Da wannan tsari ta sami kujeru 134 cikin 312 a zaɓen tarayya na 1959. Ba mu ce ba a yi danniya ba, domin 'yan NEPU da yawa sun sha ɗauri a wancan zamani, tarihi bai manta ba. Abin da muke so a lura da shi shi ne, jam'iyyar ta rayu ne da mutanen da ke riƙe da unguwa.

A jamhuriya ta biyu NPN ta gaji wannan gida, da alamarta ta gida da masara, da gaisuwarta Aminci. Marigayi Malam Adamu Ciroma, wanda aka haifa a nan Potiskum a 1934, ya riƙe muƙamin sakataren jam'iyyar na ƙasa. Mutum ne da ya yi editan jaridar New Nigerian, ya yi gwamnan Babban Bankin Nijeriya, amma bai raina riƙe littafin jam'iyya ba. Duk da haka a 1979 NPN ba ta ci tsohuwar Jihar Borno ba, GNPP ta Waziri Ibrahim ce ta ci, Muhammadu Goni ya zama gwamna, sai a 1983 NPN ta karɓa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Yobe a watan Agusta na 1991, SDP ce ta fara kafa gwamnatin farar hula. Daga 1999 kuma APP, wadda ta koma ANPP, ta riƙe jihar har zuwa 2013 da ta narke cikin APC. A ƙarƙashinta ne marigayi Mamman Bello Ali, wanda ya wakilci Yobe ta Kudu a majalisar dattawa, ya zama gwamna a 2007, ya rasu a watan Janairu na 2009.

Me wannan tarihi yake koya mana? Sunan jam'iyya yana canjawa, alama tana canjawa, amma ofishin mazaɓa yana nan da bencinsa da littafinsa. Sau da yawa mutanen da suka zauna a kan bencin nan jiya su ne a kai yau, tutar bakin ƙofa kawai aka sauya. Wanda ya sami wurin zama a wannan ɗaki ya sami abin da ya fi fosta daɗewa.

To, ko doka ta ba mu damar shiga ɗakin? Ta ba mu. Tsarin mulkin 1999, sashe na 41, ya ce ɗan Nijeriya yana da 'yancin zama a duk inda ya so cikin ƙasar. Sashe na 40 ya ba shi 'yancin shiga jam'iyya. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalin garinsu ko addininsa. Sashe na 222 kuwa ya ce ba za a amince da jam'iyya ba sai ƙofarta a buɗe take ga kowane ɗan ƙasa, ba tare da duba inda ya fito ba. Sashe na 106 da ya jera sharuɗɗan tsayawa takarar majalisar jiha ya ambaci zama ɗan Nijeriya, da shekaru, da ilimin sakandare ko makamancinsa, da tsayawa a ƙarƙashin jam'iyya. Bai ambaci takardar ɗan asali ba. Katin zaɓe ma mutum na iya yin sa a inda yake zaune, ba sai a garin kakansa ba.

Ba za mu ɓoye muku ba, wannan tsarin mulki ɗin dai ya ambaci ɗan asalin jiha wajen naɗin ministoci a sashe na 147, kuma maganar takardar indijin tana nan tana tare wa 'ya'yan mazauna hanyar gurbin karatu da aikin gwamnati a sassa da yawa na ƙasar nan. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan haka tun 2006. Katin jam'iyya ba zai share wannan matsala dare ɗaya ba. Amma idan ana maganar rijiyar burtsatse, ko kwalbati, ko raba rumfunan kasuwa, ko wanda za a tsayar kansila, a ɗakin mazaɓa ake fara ta. Wanda ba ya nan, ba a tuna da shi.

Mu ba ku labarin abin da ya same mu, ba tare da kama sunan jam'iyya ko mutum ba. Wata shekara aka sa ranar zaɓen shugabannin mazaɓa. Muka yi gayya, muka cika motoci, mata da maza, har da makaɗa. Da muka isa aka fito da littafi aka fara kiran suna. Cikin duk taron da muka kawo, waɗanda sunansu ke ciki ba su cika yatsun hannu biyu ba. Muka tsaya a rana muna kallo ta taga, aka raba muƙamai aka yi addu'a aka tashi. Mun yi fushi ƙwarai, wasunmu suka ce ƙabilanci ne. Da muka huce muka zauna, sai muka ga laifin farko namu ne. Mun saba zuwa gangami, mun saba sa hula da riga mai hoton ɗan takara, amma ba mu taɓa tambayar ina littafin yake ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan muka canja salo. Muka je muka gaida shugaban mazaɓa a gidansa, muka ce mun zo yin rajista, mun kuma zo neman aiki, ba na albashi ba. Aka ba mu shara da jera benci, muka yi. Aka ga muna iya rubutu, aka ce mu riƙa ɗaukar sunayen mahalarta, daga baya aka miƙa mana rubuta bayanin taro. Rasuwa ko suna a gidan ɗan jam'iyya, Babole ne ko Bangizime ko Bakarkare ko Bafulatani, muna cikin na farkon zuwa. Da zagayen zaɓen shugabanni ya dawo, ba mu kai makaɗa ba, amma sunayenmu na cikin littafi, kuma ɗaya daga cikinmu ya fito da muƙamin mataimakin sakatare. Ƙaramin muƙami ne, amma tun daga ranar ba a sake yin taro ba mu sani ba.

Wannan rubutu da ya buɗe mana ƙofa, a ajin yaƙi da jahilci muka koye shi, da gemunmu, bayan sallar isha'i, da fitilar ƙwai. Ba ma jin kunyar faɗa. Gwamnatin Arewa ce ta ɗauki yaƙi da jahilci da ƙarfi tun shekarun 1950, marigayi Ahmadu Kumasi na cikin jagororin aikin, kuma har yau amfaninsa bai ƙare ba. Ejan ɗin jam'iyya a rumfar zaɓe aikinsa ya duba ƙidaya, ya karanta takardar sakamako ta EC8A, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa. Wanda bai iya karanta lamba ba, ko ya kwana a rumfar bai tsare komai ba.

Yanzu ga abin da muke roƙon kowane gida. Na farko, duk wanda ya cika shekara 18, namiji ko mace, ya mallaki katin zaɓe na nan inda yake zaune. Wanda katinsa na Kano ne ko Haɗeja ko Katsina, ya nemi hukumar zaɓe ta mayar masa da shi nan idan an buɗe rajista. Ƙaramar hukumar Potiskum tana da mazaɓu 10, kowa ya san tasa da rumfarsa, kuma idan an kafe sunayen masu zaɓe ya je ya duba nasa da idonsa.

Na biyu, wanda ya zaɓi jam'iyya ya yi rajista a mazaɓarsa, ya karɓi kati, ya tabbata sunansa ya shiga littafi. Kada ya bari wani mai neman kujera ya biya masa kuɗin ƙa'ida ya riƙe katin a aljihunsa. Wanda ya riƙe maka kati ya riƙe maka baki.

Na uku, a riƙa zuwa taro lokacin da babu zaɓe, babu rabon komai. Irin wannan gida yana auna mutum ne da daɗewa da ladabi da riƙon amana. Wanda ya zo yau yana ɗaga murya a gaban dattawa, ko da gaskiyarsa, ba za a ji shi ba. Wanda ya yi shekara uku yana jera benci, idan ya ɗaga hannu za a ce a saurara.

Na huɗu, iyayenmu mata. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979, amma yau ku dubi layinsu ranar zaɓe. Su ne ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Kada a bar aikinsu ya tsaya ga karɓar atamfa da sabulu. A bar su su shiga ajin karatu, su riƙe littafin adashi da na rajistar mata, su nemi shugabancin mata na mazaɓa.

Na biyar, kuma wannan ya fi damun mu, matasanmu. Akwai aikin sa kai, akwai aikin banga, kada a haɗa su. A Kano a 1953 an ga ƙungiyar da aka kira Jam'iyyar Mahaukata, wadda aka riƙa tura wa 'yan NEPU. A shekarun 2000 an ga 'yan Kalare a Gombe, da Sara-Suka a Bauchi, da waɗanda ake kira Ekomog a Borno. Ku tambaya, nawa ne cikinsu suka zama wani abu? Sashe na 227 na tsarin mulki ya haramta tara mutane don nuna ƙarfi a siyasa. Kuma ɗan mazauni ya fi kowa shiga haɗari, domin idan ƙura ta tashi ba sunansa za a kira ba, sunan al'ummarsa za a kira. Mun ga abin da ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a watan Nuwamba na 2008. Garin nan kuma ya sha zubar da jini a kara a 2012 da makarantar sakandare a 2014, ba ya buƙatar ƙari daga hannun 'ya'yanmu.

Na ƙarshe, mu san iyakarmu. Garin nan yana da masarautu biyu, Fika da Pataskum, kowace da tarihinta da mutanenta. Mu gaishe su duka, mu yi musu biyayya, kada mu bari a ja mu cikin abin da ba namu ba. Ba sarautar kowa muke nema ba, ba ƙasar kakan kowa muke jayayya a kai ba. Abin da muke nema shi ne haƙƙin mai biyan haraji wanda aka haifi 'ya'yansa a nan, aka binne iyayensa a nan.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa da hantsi take bushewa, gaskiya ne. Amma gidan da ya yi shekara hamsin ko saba'in a Potiskum ba raɓa ba ne, sai dai idan shi ya ɗauki kansa haka, yana zuwa ranar gangami yana ɓacewa washegari.

Bayan an tashi, za mu zauna a bakin ƙofa da littafi biyu. Ɗaya na masu son shiga ajin karatun dare ne, maza daban mata daban. Ɗayan na waɗanda ba su da katin zaɓe ko suke son a mayar musu da shi nan, don mu sanar da su da zarar an buɗe rajista. Ba za mu tambayi kowa jam'iyyarsa ba.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure namu ne, a gafarce mu. Allah ya zaunar da garinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya, ya haɗa kanmu da maƙwabtanmu, ya shirya mana zuriya.