Hukuncin Cire Tawadar Allah da Lantarki

Ya 'yan'uwa na Amarawa, an tambaye mu game da cire tawadar Allah da allurar lantarki, wadda ke ƙona ɗigon har ya bushe ya faɗi.

Malamai sun bambanta canza halittar Allah don ƙarin ado, wanda aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta zarga, da gusar da aibi, wanda ya halatta. Hujjarsu hadisin Arfaja bin As'ad ne, wanda Annabi (S.A.W.) ya umarta ya sanya hancin zinariya bayan an yanke nasa a yaƙi. Saboda haka tawadar da ke muzanta fuska ko cutar da mai ita babu laifi a cire ta.

Sai dai muna gargaɗi: wadda ke girma, ko sauya launi, ko zubar da jini, musamman a tafin ƙafa, tana iya zama ciwon daji. Ƙona ta na ɓata abin da likita zai gwada. Kada a kai ta ga wanzami. A nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.

Allah ne Mafi sani.