Jawabi Kan Shirin Hawan Dutsen Chappal Waddi



Mu 'yan Makoda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma muka tashi, babban tudunmu shi ne suri. Shi ya sa na ji jiki da na je hawan Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba. Sabon takalmi na sa. A rana ta biyu ƙafata ta yi bororo, saura ƙiris in juyo.

Saboda haka, mai niyyar zuwa ya fara shiri tun da wata biyu, yana hawan Dala a Kano da jaka a baya. Ya sa takalmin da ƙafarsa ta saba da shi. Ya tafi da rani, domin koguna kan cika da damina. Ya riƙi bargo, garin kwaki, ƙuliƙuli da dabino, ya riƙa tafasa ruwan sha. Kada ya shiga daji ba ɗan jagora.

Iska na raguwa a can sama. Wanda ciwon kai, jiri da amai suka kama, ya sauko, ba abin kunya ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.