Sarauniyar littafi da Sarauniyar Lugu

Wannan jawabi ne da wani tsohon malamin lakkol ya gabatar a gaban taron masu sha'awar karatu a Maraɗi. Ga shi kamar yadda ya faɗe shi.

Shugaban taro, malamai, alhazai ƴan kasuwa, ma'aikatan gwamnati, iyayenmu mata, ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma gode muku da kuka baro kantuna da buro-buro kuka zo sauraren tsoho.

An roƙe ni in yi magana a kan littattafan hira masu ba da labarin sarauniyoyi da gidajen sarauta, da daɗin da ke cikin karanta su. Na san akwai mai cewa a ransa: ga tsadar hatsi, ga kuɗin haya, me ya kai dattijo ga tatsuniya? Ina roƙonsa ya yi mini haƙuri zuwa ƙarshe.

Sha'awar labarin sarauta ba baƙuwa ba ce a gare mu. Kafin mu san alli da allo, kakanninmu mata sun ba mu labarin ɗiyar sarki da ta ce ba ta auren mai tabo. Mun ji labarin Daurama da rijiyar Kusugu da baƙon da ya kashe macijiya. A makarantar allo mun ji ƙissar sarauniyar Saba'u, wadda malaman tafsiri ke kira Bilkisu, da yadda ta tara manyan ƙasarta ta nemi shawararsu kafin ta amsa wasiƙar Annabi Sulaimanu. Waɗanda suka samu boko sun ƙara da Dare Dubu da Ɗaya, inda ɗiyar waziri ta fanshi ranta da na matan ƙasarta da hira kurum, sannan da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fita a 1937, inda aku ke tsare ɗan sarki da labari.

Me ke jan mu zuwa ga irin wannan hira? A ganina, fada wuri ne da mulki ke da fuska. A buro, iko yana ɓoye cikin takarda da hatimi. A fadar littafi kuwa kana ganin mai hukunci, kana jin raɗar fadawa, kana sanin wanda ya sayar da ubangidansa da kuma nawa aka biya shi. In kuwa mai mulkin mace ce, daɗin ya ninka, domin tana riƙe da abin da jama'a ba su saba gani a hannunta ba, kuma kowane shafi tambaya guda yake yi: za ta iya, ko za a kayar da ita?

Sai dai mai alƙalami shi ke ƙera sarauniyarsa yadda ya so. A 1919 wani Bafaranshe, Pierre Benoit, ya wallafa L'Atlantide, inda ya ajiye wata sarauniya Antinéa cikin duwatsun Hoggar, kyakkyawa mai halaka duk hafsan da ya faɗa sonta. Littafin ya samu kasuwa ƙwarai a Faransa, amma sarauniyarsa mafarkin Bature ce game da hamada, babu ruwanta da Abzinawan da ke zaune a cikinta. Shekara 61 bayan haka, ɗan ƙasarmu ya ɗauki alƙalami ya ba duniya tamu sarauniya.

Abdullahi Mamani nake nufi. An haife shi a Gudumariya a 1932. Ɗan Sawaba ne, ya yi gudun hijira har Aljeriya, ya dawo gida ya sha ɗauri zamanin mulkin Seyni Kunce, ya rasu cikin haɗarin mota a 1993. A 1980 aka buga littafinsa Sarraounia a Paris, da Faransanci. A cikinsa ya nuna mana marainiyar da Dawa, aminin mahaifinta, ya rena, ya koya mata baka da kibiya da asirin itatuwa, har ta zama sarauniyar Azna mai alamar damisa, wadda ta ƙi sunkuyar da kai ga rundunar Voulet da Chanoine a lokacin da wasu sarakuna ke neman sulhu. Na karanta shi cikin dare biyu da fitilar ƙwai, kuma ban ji kunyar cewa na yi hawaye ba. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi sinima a Burkina Faso, kuma a 1987 fim ɗin ya ci babbar kyautar Fespako ta Wagadugu, kyautar da ita kanta ke ɗauke da sunan wata gimbiya, Yennenga ta Mosi.

Haƙiƙa wannan littafi ya yi mana aikin da littattafan lakkol na zamaninmu ba su yi ba. Mu da muka haddace sunayen sarakunan Faransa, sai ga mace daga Arewa, ƙasar Dogondutsi, ta tsaya a gabanmu da sunanta. Yau akwai gidan rediyo da talabijin a Yamai mai wannan suna, kuma yaro ƙarami ya san Sarauniya Mangu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wata rana na tambayi ɗalibaina yadda Voulet ya mutu. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin ta rubuta mini cewa Sarauniya ce ta kashe shi da hannunta a fagen yaƙi. Na rasa abin yi: in ba ta sifiri, alhali ƙaunar ƙasarta ce ta yi magana, ko in ba ta maki, alhali abin bai faru ba? Ko littafin ma bai faɗi haka ba. Daɗin labari ne ya ƙara gishiri a bakin jama'a har ya kai ga takardar jarrabawa.

Abin da ya faru shi ne: an yi yaƙin Lugu cikin watan Afrilu na 1899. Mutanen Sarauniya sun yi faɗa da kibau, suka kashe sojoji 4 suka jikkata 6 bisa lissafin Faransawa da kansu, sannan suka janye cikin kurmi, aka ƙone garin. Rundunar ta wuce, ta yi ɓarnar da ba a mantawa a Birnin Ƙwanni cikin watan Mayu. Labarin ta'asar ya kai Paris, aka turo kanal Klobb ya karɓe ragama, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli. Kwana biyu zuwa uku bayan haka, sojojinsu baƙar fata suka juya musu baya suka kashe Chanoine, sannan Voulet, a wajen Maijirgi, nan ƙasar Tasawa, cikin jiharmu. Sauran rundunar kuma ta ci gaba ta kama Damagaram a ƙarshen watan.

Saboda haka shaidu uku ne a gabanmu, kuma kowanne da nasa harshe. Na farko takardun Nasara, waɗanda suka ba Sarauniya ƴan layuka kaɗan, suna kallonta a matsayin tsohuwar matsafiya. Ku ma'aikata kun fi kowa sanin cewa rahoto yana bin son mai rubuta shi, balle wanda ya ƙone gari ya zauna ya rubuta dalilinsa. Na biyu littafin Mamani, wanda ya cike gurbin da takardun suka bari da hikimarsa da kuma zafin ɗan gwagwarmayar da ya sha kurkuku. Na uku mutanen Lugu da kansu. A wurinsu Sarauniya ba mace guda ba ce, sarauta ce da aka yi ta gado kafin Mangu da bayanta. Mai riƙe da ita tana zaune cikin ɗakinta sanye da fari, aikinta tsare al'adar ƙasa da roƙon damina, kuma gawar wadda ta rasu ce ake ɗauka ta nuna magajiyarta. Wannan ta yi nisa da jarumar sinima mai takobi a hannu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mu kan manta mu tambayi mai ita.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce Mamani ya yi ƙarya ba, domin bai ce mana tarihi yake rubutawa ba. Hira ya rubuta, ya kuma faɗi haka a bangon littafinsa. Alhaji da ke sayar da atamfa ya san zare daban, rini daban. Rini ne ke jawo mai saye, zare ne ke sa zane ya daɗe, kuma babu ɗan kasuwar kirki da zai ƙi rini don ba zare ba ne. Wanda ake cuta shi ne wanda bai iya rarrabe su ba. Haka labarin Amina ta Zazzau yake: abin da tsofaffin littattafai irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello suka faɗa a kanta bai cika shafuka da yawa ba, amma fim ɗin da ya fito a 2021 ya ba ta rayuwa guda cur. A kalla, a ji daɗi, sannan a tambaya.

Wannan tambaya ita ce ribar karatun. Wanda ya saba tambayar marubuci ina ya samo wannan, me ya ƙara, me ya rage, shi ne gobe zai yi wa mai neman ƙuri'arsa ko mai mulkinsa irin wannan tambaya in ya zo masa da labari mai daɗi. Sarauniyar da ta mutu ba ta gardama, shi ya sa kowane mai iko ke son aron sunanta. Kuma yabon matacciyar sarauniya ya fi sauƙi bisa ba rayayyar mace kujera. Mu tuna cewa sai da matan Yamai suka fito titi ran 13 ga Mayu 1991 kafin a ƙara musu wakilci cikin kwamitin shirya Taron Ƙasa, a ƙasar da Iya ta Maraɗi da Inna ta Gobir ke da sarauta tun kaka da kakanni.

Shawarata gare ku guda uku ce. Ku sayi waɗannan littattafai ku ajiye a gida. Kuɗin littafi bai kai na turmin atamfa ba. Ku karanta wa iyali da dare, wanda ya iya Faransanci ya juya wa wanda bai iya ba, kamar yadda kakanninmu suka yi mana hira a tsakar gida. In an gama, ku bar yara su yi tambaya, kuma in hanya ta bi da ku Dogondutsi, ku nemi tsofaffi ku ji nasu bakin.

Ita kuwa ɗalibar tawa, rabin maki na ba ta, na kuma ara mata littafin. Bayan sati guda ta dawo mini da shi, ta ce: Malam, ai ba haka ya rubuta ba. A ranar na san ta fara karatu.

Allah ya jiƙan Abdullahi Mamani, ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Lugu da Ƙwanni, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka.