Ƙungiyoyin Matasa da Haƙƙin da Ke Wuyanmu

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban garinmu

 



Kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan ƙungiyoyin matasa da abin da za su iya koya wa 'ya'yanmu. Mun karɓi wannan nauyi ne saboda wani lissafi da duk wanda ya daɗe da alli a hannu ya sani: yaro yana gaban malamin boko awa biyar ko shida ne kacal a yini. In aka cire lokacin barci da na makarantar allo ko Islamiyya, akwai sauran awoyi masu yawa, kuma a cikinsu ne hali yake ginuwa ko ya rushe. Tambayar da muka zo da ita yau ita ce, a hannun wa 'ya'yanmu suke a waɗannan awoyi?

Yadda magabata suka yi

Tun kafin zuwan Turawa kowane gari a ƙasar Hausa yana da Sarkin Samari, da fadawansa masu sarautun wasa irin su Waziri da Galadima da Alƙali, kuma 'yan mata suna da tasu shugabar. Idan gonar dattijo ko ta mara lafiya ta fi ƙarfinsa, gayya ake kira, makaɗa su biyo da gangar noma, kafin la'asar an kai gyara. Haka ake yi wajen yashe rijiya, da sharar maƙabarta, da gyaran hanya bayan damina, da yaɓen masallaci. Da kaka kuwa sai kalankuwa da kokawa da dambe da langa. Wanda ya ƙi fita gayya ba dalili, Alƙalin samari ya ci shi tara, ya biya da goro, magana ta wuce. A nan yaro yake koyon bin na gaba, da jagorancin na baya, da cika alkawari, da jin kunyar a ce shi ne rago. Ba a rubuta manhaja ba, amma an yaye mutane.

Da makarantun boko suka zo, sai suka zo da nasu tsarin. Ƙungiyar 'yan sikawut, wadda Baden-Powell ya fara a Ingila a 1907, ta iso Nijeriya a 1915. Horon Man O' War ya samo asali a 1951 a gaɓar teku a ƙasar Kamaru ta yau, kuma da yawa daga cikin malaman zamaninmu sun hau duwatsun Shere da ke kusa da Jos a ƙarƙashin wannan horo. Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a lokacin shirin ilmin firamare kyauta na 1976, mun tarar ba a ɗaukar malami cikakke sai yana iya riƙe wata ƙungiya bayan an tashi daga aji: ko 'yan sikawut, ko ƙungiyar manoma matasa, ko ta muhawara, ko ta wasan kwaikwayo. Ɗalibi ya koyi ɗaurin igiya, da ɗaure rauni, da renon kaji, da tsayawa gaban jama'a ya yi magana ba tare da gwiwarsa ta yi rawa ba. Daga baya ƙungiyoyin addini suka kafa rundunonin 'yan agaji, waɗanda har yau muke ganin amfaninsu a filin Idi da asibitoci da wuraren jana'iza.

Maƙwabtanmu na Nijar ma sun bar mana darasi. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a 1974, ta farfaɗo da Samariya, matasa suka gina azuzuwa, suka dasa itatuwa, suka share garuruwa. Amma da yake igiyar tana hannun hukuma, da aka shiga siyasar jam'iyyu a farkon shekarun 1990 sai abin ya dusashe. Ƙungiyar da ta jingina da gwamnati ko da wani mai mulki, ranar da ya kau ranar take faɗuwa.

Halin da muke ciki

Kada mu zalunci 'ya'yanmu, har yanzu suna haɗuwa. Akwai kulob-kulob na ƙwallon ƙafa a kowace unguwa, akwai ƙungiyoyin taimakon kai da kai masu yashe magudanan ruwa, akwai 'yan sintiri masu hana idonsu barci domin mu yi namu. Sai dai yawancinsu ba su da uba, ba su da littafin kuɗi, ba su da wurin zama in ban da gindin bishiya ko teburin mai shayi. Wasu kuma ba a jin ɗuriyarsu sai zaɓe ya ƙarato, a buga musu riguna, a raba musu 'yan kuɗi, a ɗauke su a bayan mota. Mun ga inda wannan hanya ta kai wasu garuruwa: 'yan daba a Kano, 'yan kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi. Babu ɗayansu da ya faɗo daga sama. 'Ya'yan mutane ne da aka bari ba mai kula, har wani ya tsince su.

Ga kuma shaye-shaye. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da hukumomin Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. A wannan shekara ce gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin. Doka tana iya rufe shago, amma ba ta iya cika wa saurayi yininsa. Wanda ya tashi da safe ba shi da inda ake jiransa, shi ne kasuwar mai ƙwaya.

Abin da ƙungiya take koyarwa

Idan muka ce dabarun zaman duniya, ba wani abu mai nisa muke nufi ba. Saurayin da aka ba sakatare ya koyi rubuta abin da aka tattauna. Wanda aka ba ma'aji ya koyi cewa kuɗin jama'a wuta ne, kowane kwabo sai da shaida. Wanda aka kayar a zaɓen shugabanci ya koyi miƙa hannu ga wanda ya kayar da shi. Wanda aka ci tara saboda makara ya koyi darajar lokaci. Waɗannan halaye su ne ake nema a ofis da kasuwa da gidan aure, kuma babu jarrabawar da ke ba da takardarsu.

Sai kuma sana'a. Ɗinki da kafinta da walda suna nan da kasuwarsu, ga kuma sababbi: gyaran wayar hannu, da haɗa wutar sola, da gyaran famfon burtsatse, da noman rani, da kiwon kaji da kifi. Sau nawa burtsatse ya lalace a garin nan muka yi makonni muna jiran mai gyara daga birni? Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1986, tana da shirin tura matasa wurin masu sana'a su koya, amma irin wannan dama takan kai ga waɗanda ke da tsari da rajista ne, ba ga wanda ke zaune shi kaɗai ba.

Roƙonmu ga 'yan'uwa mazauna birane

Mun san ɗawainiyarku, kuma mun ga azuzuwa da ɗakin shan magani da gumin ku ya gina. Allah ya saka. Amma gini ba ya tsare kansa. Idan ba mu gina waɗanda za su gaje shi ba, mun tara wa gara. Saboda haka muna gabatar da shawarwari biyar.

Na ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti ya rubuta dukkan ƙungiyoyin matasan garin nan, da shugabanninsu, da abin da suke yi, a kuma taimaka musu su yi rajista a ƙaramar hukuma.

Na biyu, kowane reshe na birni ya ɗauki ƙungiya guda ya zama ubanta. Uba kuwa ba aiko da kuɗi kaɗai ba ne, har da leƙowa da tambaya da tsawatarwa, domin zumunta a ƙafa take.

Na uku, duk mai shago ko gareji ko masana'anta a cikinmu ya ɗauki yaro ɗaya daga gida ya koya masa, bisa yarjejeniya a rubuce da sa hannun mahaifi da mai unguwa, a faɗi tsawon lokaci da wurin kwana da ranar yaye. Rashin wannan ne yake sa a kai yaro koyon sana'a ya ƙare a wankin mota da aike.

Na huɗu, wanda ya gama koyo a ba shi kayan aiki maimakon tsabar kuɗi, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar adashe, abin da ya dawo a saya wa na bayansa.

Na biyar, a nemi izinin hukumar ilmi a riƙa amfani da azuzuwan firamare da yamma da lokacin dogon hutu. Mu tsofaffin malamai a shirye muke mu koyar kyauta. A ware wa 'yan mata ranakunsu a ƙarƙashin kulawar iyayenmu mata da malamai mata, su koyi saƙa da ɗinki da haɗa sabulu da lissafin ciniki, ba tare da an raba su da karatunsu ba.

Sharaɗi ɗaya muke so a gindaya: kada tutar wata jam'iyya ta shiga wannan aiki. Ɗan siyasar da ya ga dama ya taimaka, ya kawo ta hannun ƙungiya kamar kowane ɗan gari, a rubuta, a yi masa godiya.

Ku kuma 'ya'yanmu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ku kun kai munzalin da za ku tanƙwara kanku. Ku riƙe littafinku da gaskiya, ku zo taro a kan lokaci, kada ku raina sana'a don hannu zai yi baƙi.

Kammalawa

Muna roƙon shugaban taro kada a tashi yau sai an naɗa wannan kwamiti, kuma baɗi war haka, in Allah ya kai mu, ya tsaya a nan ya karanta mana yara nawa aka tura koyo, nawa aka yaye, nawa suka buɗe nasu wurin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ɗa na kowa ne.