Zaiba: Gubar da Yaranmu Ke Ɗauka Abin Wasa



Da kwamiti ya nemi in yi magana a kan lafiyar yara, na ce masu ni ba likita ba ne, alli na riƙe shekara talatin da biyar. Amma akwai wani kuskure da na yi da hannuna, kuma da shi zan fara.

A shekarata ta biyu da fara koyarwa, ma'aunin zafi na gilashi ya suɓuce mini a aji ya fashe. Wani farin ruwa mai walƙiya ya watsu a daɓe, yana gangarawa kamar tsakiya. Maimakon in fitar da yara, sai na tara su ina nuna masu abin mamaki. Na zuba wa wasu a tafin hannu, na goga shi a jikin kwabo har ya yi fari kamar sule, aji ya kaure da shewa. Daga baya na sa wata yarinya ta share da tsintsiya. Lokacin hunturu ne, tagogi duk a rufe. Ban san na yi ɓarna ba sai bayan shekaru masu yawa.

Wannan ruwa shi ne zaiba. Ƙarfe ce, amma ita a narke take zaune, kuma ta fi ruwa nauyi sau goma sha uku da ɗoriya. Haɗarinta ba inda muke zato yake ba. Wanda ya haɗiye ɗigonta, yawanci takan wuce ta hanji ba tare da jiki ya tsotse ta sosai ba. Babbar illar tana cikin tururinta. Ko ba a ɗora ta a wuta ba, kullum tana fitar da tururi wanda ba shi da wari ba shi da launi, kuma zafi irin namu na bazara ƙara shi yake yi. Kusan kashi tamanin cikin ɗari na abin da aka shaƙa yana shiga jini, ya wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda. Yaro mai rarrafe shi ya fi kusa da ƙasa, numfashinsa ya fi na babba sauri, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta gama ginuwa ba. Har ɗan da ke ciki tana iya kai masa.

Alamunta kuwa su ne ke ruɗar mu. Yaro ya fara rawar hannu, ya daina barci, ya yi ta fushi ko kunya marar dalili, dasashi ya kumbura, wani lokaci tafin hannu da na ƙafa su yi ja suna saɓa. Mu malamai sai mu ce ya sangarce, a gida a ce shawara ce ko iska. Ba wanda zai tuna da 'yar kwalbar da ke ƙarƙashin gado.

Ina yaro zai samu zaiba a Wudil? Akwai ta a tsohon ma'aunin zafin jiki, da tsohuwar na'urar awon jini, da dogon ƙwan lantarki da nannaɗaɗɗen nan mai rage cin wuta, waɗanda yara ke fasawa a bola don jin ƙara. Amma wadda ta fi damuna ita ce ta haƙar zinariya. Samarinmu kan tafi Zamfara da Neja da Birnin Gwari neman abin kansu, kuma ba na ganin laifinsu. A can da zaiba ake kama zinariya: a niƙa dutse, a wanke, a cakuɗa da ita, sannan a ƙona curin, zaiba ta tashi sama, zinariya ta zauna. Wani don tsoron idon jama'a sai ya zo da curin gida ya ƙona a ɗaki ko a madafa, matarsa na goye da jariri.

Mu tuna da abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda yara kimanin 400 suka rasu. Gaskiya ita ce dalma ce ta kashe su, ba zaiba ba, amma ƙofa ɗaya ce: an shigo da aikin zinariya tsakar gida. A 2015 hakan ta sake faruwa a Shikira ta Jihar Neja. A garin Minamata na Japan kuwa, a 1956 aka gano cutar da ta nakasa masunta da 'ya'yansu, bayan wata masana'anta ta daɗe tana zubar da dattin zaiba a teku, kifi ya ɗauka. Mu da muke cin kifin kogin Wudil bai kamata wannan labari ya wuce mu ba. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar duniya a 2013, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2018, kuma ta tanadi a daina ƙera ma'aunin zafi mai zaiba. Sai dai yarjejeniya ba ta shiga akwatin kowa ta ɗauke wanda aka riga aka saya.

Idan ta zube, kada a maimaita abin da na yi. A fitar da yara da mai ciki, a buɗe tagogi, a kashe fanka. Kada a sa tsintsiya, domin farfasa ta take yi ta zama ƙananan ɗigo masu yawan tururi. A cire zobe, a sa leda a hannu, a tattara ta da kwali biyu, a haska tocila a bi saura da salatif, a zuba a kwalba mai murfi a rubuta mata suna. Kada a zuba ta a kwata ko masai ko kusa da rijiya. Tabarma ko darduma da ta shiga, a ƙulle a leda a fitar, kada a wanke, kada a ƙona. Idan ta fi ta ma'auni ɗaya yawa, ko yaro ya nuna alama, a je asibiti a faɗa wa likita sunan abin ƙarara.

Roƙona ga ƙungiya guda biyu ne. Daga kuɗin gudummawar bana a sayi ma'aunin zafi mai batir a raba wa makarantu da ɗakunan shan magani na gundumarmu, a karɓe tsofaffin. Ku kuma 'yan birni da ke da ƙani ko ɗa a ramin zinariya, ku kira shi tun kafin ya dawo Sallah, ku ce ya bar kwalbar a can.