Ƙaramin Alheri ga Wanda Ba Ka Sani Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ja kwananmu har muka riski wannan wata. Tsira da amincinSa su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.  

Darasinmu na yau a kan ƙaramin alheri ne, irin wanda mutum ke yi wa wanda bai sani ba, wanda wataƙila ba za su sake gamuwa ba sai a Lahira.

Alherin dangi da maƙwabta yana da lada, ba mu kushe shi ba. Amma sau da yawa biki ne. Kin kai wa ƙawarki jika 2 ranar sunan ɗanta, ta riƙe lissafi, ranar naki bikin kina sauraron jika 4. Baƙon da ka ɗora wa kaya a tashar Wadata ta Yamai kuwa ba shi da ranar ramawa. Bai san sunanka ba, balle ya yabe ka a gari. Don haka alherin da aka yi masa shi ne ke tona abin da ke cikin zuciya, domin babu mai biyansa sai Allah.

Mu dubi ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a cikin Suratul Ƙasasi. Ya fito Masar a guje, yana cikin tsoro, har ya isa ruwan Madyana. Ya tarar da makiyaya suna shayarwa, ga mata biyu a gefe suna tsare bisashensu, suna jiran maza su watse, domin mahaifinsu tsoho ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya a Dakwaro ko Abalak da rani ya san wannan turereniya. Annabi Musa bai san su ba, kuma shi kansa mabuƙaci ne. Ya shayar musu, ya koma inuwa, ya kai kukansa ga Ubangijinsa. Ta ƙofar wannan ɗan aiki Allah Ya ba shi mafaka da sana'a da mata. Ka ga gaskiyar Bahaushe da ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Sai kuma Suratul Ma'un, sura ta 107, mai ayoyi 7. A ƙarshenta Allah Ya yi narko ga wasu masallata masu sakaci da salla, masu riya, masu hana ma'un. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa a zamanin Annabi suna ɗaukar ma'un a matsayin aron guga da tukunya. Ƴan uwa, guga da tukunya! Abin da aka ara aka maido, mai shi bai rasa komai ba, shi ne aka haɗa hana shi da wasa da salla.

To mene ne ma'un ɗinmu na yau? Wayarka ce, in baƙo ya sauka mota ba shi da hanyar kiran ɗan uwansa. Karatunka ne, in tsohuwa ta fito daga wurin likita da takardar magani da Faransanci, ba ta san wanda za ta sha da safe da na dare ba. Inuwar rumfarka ce, ga mai tallar da rana ta buga. Harshenka ne, in ɗan ci-rani ya shigo Yamai ba ya jin Zabarmanci, yana neman unguwa. Ba ɗaya daga cikinsu da zai ci maka dala 20.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa irin waɗannan a cikin sadaka. A hadisin Abu Huraira na Buhari da Muslim, ya ambaci taimaka wa mutum ya hau dabbarsa ko a ɗora masa kayansa. A hadisin Abu Zarri na Tirmizi, ya ambaci murmushi, da nuna hanya ga wanda ya ɓace, da ja-gorantar mai raunin gani, da kawar da dutse ko ƙaya daga hanya. Saboda haka talaka ba shi da hujjar cewa hannunsa wofi ne. Wanda ba shi da tabarma yana da fuska, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Mu tuna da matafiya musamman. Daga Yamai zuwa Damagaram kimanin kilomita 900 ne, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi da Tasawa. Kowace rana magariba tana riskar masu azumi a wannan hanya, nesa da kunun gidansu. Allah Ya ambaci ɗan hanya a aya ta 36 ta Suratun Nisa'i cikin waɗanda za a kyautata wa. Ku mutanen bakin hanya, randar ruwan sanyi a ƙofar gida da ɗan dabino sun isa.

Mun san abin da wasu za su ce: zamani ya lalace, baƙo ya zama abin tsoro. Gaskiya ne an cuci mutane. Addini bai ce ka buɗe ɗakinka ga kowa ba, kuma bai ce mace ta shigar da wanda ba ta sani ba gidanta. Amma miƙa moɗar ruwa a ƙofa ba ya karya tsaro. Tun shekarar 2019 dubban mutane suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi, ƙauyukan kan iyaka suka karɓe su, alhali su ma rumbunansu ba su cika ba. In muka bar tsoro ya rufe mana ƙofa gaba ɗaya, ɓarayi sun sace mana abin da ya fi shanu, wato tausayi. Kuma wanda ke gida yau, gobe shi ne baƙo a garin wani.

Sharuɗɗa biyu kafin mu rufe. Na farko, kada ka tambayi mabuƙaci ƙabilarsa ko addininsa kafin ka ba shi ruwa. Buhari da Muslim sun kawo labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, ina ga ɗan Adam? Na biyu, kada ka bi alherinka da gori. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta nuna gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Ɗaukar hoton mai karɓa a watsa a Facebook ko WhatsApp tozarci ne ga wanda yunwa ta hana shi cewa a'a.

Don haka kowa ya ƙudurta, daga gobe har ganin watan Salla, kada rana ta faɗi bai yi wa wani wanda bai sani ba alheri guda ɗaya ba, kuma kada ya faɗa wa kowa.

Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya kai matafiya gida lafiya, Ya maido da waɗanda suka bar garuruwansu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.